Matsayin Zara a Duban Ƙasar da Kika Ƙirƙira

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni marubuciya ce a nan Jos, ina cikin rubuta wani dogon labarin almara da na gina a kan wata ƙasa wadda babu ita a duniya, inda tsafi yake aiki a fili, sarakuna kuma ba su yanke shawara sai sun tuntuɓi masu duban taurari. Ina so tauraruwar Zara ta zama ginshiƙin dubansu. Abin da na samu a intanet shi ne wai tauraruwar soyayya ce da kyau, na kuwa sa haka a babi uku da na haɗo maka, amma da na sake karantawa sai na ji abin lami. Ta yaya zan ba ta matsayi mai nauyi? Sannan, rubuta irin wannan ba zai zama ina tallata duba ba?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, na karanta babi ukun, kuma abin da kika ji gaskiya ne, duk inda Zara ta shigo sai labarin ya rasa gishiri, alhali sauran wuraren yana da ɗanɗanonsa daidai. Dalilin a ganina ɗaya ne: kin ɗauko ma'anar tauraruwar daga jerin da wasu suka tsara, ba ki tsaya kin kalle ta da idonki ba. Na gane haka ne a babi na biyu, inda mai duban fada ya fito tsakar dare ya ɗaga kai ya ga Zara a tsakiyar sama. A samanmu Zara ba ta kai tsakar dare, ba ta kuma tsayawa bisa kai da dare, kuma duk tsohuwar da ta saba hirar tsakar gida za ta faɗa miki haka. Mutanen dauri da suka kafa duban taurari kallo suka fara yi shekara da shekaru, daga baya suka ɗora wa abin da suka gani ma'ana. Idan kina so masu duban ƙasarki su yi kama da mutanen da suka gaji sana'a iyaye da kakanni, ta wannan ƙofar ke ma za ki shiga.

Na daɗe ina koyar da labarin ƙasa a sakandare, kuma kallon sama ya zame mini jiki tun ina saurayi, saboda haka bari in fara da abin da ido yake gani. Kusan dukkan taurari a kafe suke, wato tazarar da ke tsakanin wannan da wancan ba ta canzawa, kamar yadda Kaza da 'Ya'yanta suke a dunƙule tun zamanin kakanninmu. Guda biyar ne kawai ido ke gani suna ratsa sauran suna sauya mazauni: Uɗaridu, Zara, Mirrihu, Mushtari da Zuhalu. A yau mun san duniyoyi ne masu kewaya rana kamar tamu, haskensu kuma aro ne daga rana. Wannan tafiyar tasu ce ta sa aka ɗauke su manzanni, domin mai tafiya shi ake tambaya labari.

Bayan rana da wata, babu abin da ya kai Zara haske a sama. Idan kika fita bayan gari, wajen gindin duwatsun Shere inda fitilun Jos ba su kai ba, a daren da babu farin wata kuma tana kan ganiyarta, har inuwar hannunki za ki iya gani a kan farin mayafi. Sai dai duk da wannan haske, ɗaure take. Hanyar da take bi ta kewaya rana tana cikin tamu, don haka daga nan ƙasa sai mu gan ta kamar akuyar da aka ɗaure a turke, rana ce turken, tsawon igiyar kuwa bai wuce daraja 47 ba, wato idan kika miƙa hannu sosai kika dunƙule, kusan dunƙule biyar daga inda rana take. Shi ya sa ko dai a gan ta a yamma bayan magariba, ta faɗi cikin abin da bai wuce awa uku da 'yan mintoci ba, ko kuma a gan ta a gabas kafin fitowar rana.

Zagayenta ɗaya, daga bayyana zuwa sake bayyana a wuri guda, kwana 584 ne a matsakaici, wato wata 19 da 'yan kwanaki. Takan yi kimanin kwana 263 a yamma tana hawa tana ƙara haske, sai kuma a cikin 'yan makonni ta gangaro da sauri ta shige hasken rana, ta ɓace na kimanin kwana 8. Daga nan sai ta ɓullo a gabas da asuba da haskenta mai ƙarfi, ta yi wani kimanin kwana 263 tana dusashewa sannu a hankali, sannan ta ɓuya a bayan rana kimanin kwana 50, kafin ta sake leƙowa a yamma ƙasa-ƙasa. Ki lura da ɓatan nan guda biyu, domin halinsu ya bambanta ƙwarai. Na farko yana zuwa ne jim kaɗan bayan ta kai matuƙar haskenta, kamar mutuwar fuju'a, kuma bai daɗewa. Na biyu kamar doguwar jinya ne, ana kallo tana ramewa har a wayi gari babu ita, dawowarta kuma babu hayaniya. Mai duban da ya shekara talatin yana kallon wannan ba zai taɓa fassara su da fassara ɗaya ba, kuma tun daga nan kin samu abin da ya fi "soyayya da kyau" nauyi.

Yanzu ga dukiyar da ke cikin harshenki, wadda nake ganin ba ki waiwaye ta ba. Bahaushe suna biyu ya ba wannan tauraruwa. Wadda ake gani da almuru kusa da jinjirin wata ita ce Zara, matar wata. Wanda yake fitowa gabanin assalatu kuwa Gamzaki ne, namiji. Kakata a Gangare, Allah Ya jiƙanta, idan ta ga jinjirin wata ya matso kusa da Zara sai ta ce sun shirya, idan ya yi nisa ta ce ya tafi fatauci ya bar ta. A wasu shekarun da Gamzaki take gane sahur ya ƙure, a wasu kuwa sai ta leƙa gabas ta ce bana Gamzaki ba ya gari. Ba ta taɓa haɗa abin nan biyu ba, wato cewa lokacin da Gamzaki ba ya gari shi ne lokacin da Zara take yamma, kuma ranar da na bayyana mata cewa abu ɗaya ne, shiru ta yi na wani lokaci sannan ta ce Allah mai iko. Girkawan farko ma suna biyu suka ba ta kafin su gane ɗaya ce.

Ki ɗauki wannan ki gina masa gida. Ki ce a ƙasarki masu duba gida biyu ne. Gidan yamma na mata ne, suna hawa soron da ke fuskantar faɗuwar rana, su ake tambaya game da aure da haihuwa da sulhu da bashi, kuma bakinsu yana da ƙarfi a fada muddin Zara tana sama. Gidan asuba na maza ne, su ake tambaya game da yaƙi da farauta da tashin ayari da naɗin sarauta, kuma nasu ƙarfin yana tare da Gamzaki. Tun da ba a saba ganin su biyun a lokaci guda ba, iko zai riƙa yawo tsakanin gidajen nan, kowanne ya yi kusan wata tara yana faɗa a ji, sannan ya koma gefe. Sarkin da yake son yaƙi dole ya jira Gamzaki, mai neman a yafe masa laifi dole ya yi sauri kafin Zara ta faɗi. A kwana takwas ɗin ɓata kuwa babu gidan da ke da bakin magana, don haka a ƙasar ba a ɗaura aure, ba a yanke hukunci, ba a buɗe ƙofar gari, kuma duk mai niyyar juyin mulki ya san kwanakin da zai zaɓa. Daga ƙarshe ki sa ya zama shugabannin gidajen biyu kaɗai suka san tauraruwa ɗaya ce, suna ɓoye hakan domin rabon iko ya ɗore, har wata ƙaramar almajira mai yawan ƙirge ta gano da kanta. Wannan misali ne kawai, kina iya sauya shi yadda kika so, amma ki duba yadda kowane yanki nasa ya tsiro daga abin da ake gani a sama.

Al'ummomin da suka yi wannan duba da gaske ma haka suka yi. A Babila akwai wani allon yumɓu da ake danganta wa zamanin sarki Ammisaduka, a ƙarni na 17 kafin haihuwar Annabi Isa, wanda ya ƙunshi ranakun ɓatan Zara da bayyanarta na shekara 21, kowanne da fassararsa. Siffar maganarsu ita ce "idan kaza ya faru a wata kaza, to kaza zai biyo baya", kuma abin da suke magana a kai shi ne ruwan sama da amfanin gona da yaƙi da lafiyar sarki, domin duban na fada ne, ba a yin sa don wani talaka ya san wadda zai aura. Abar bautar da suka jingina wa tauraruwar, Ishtar, ta soyayya ce kuma ta yaƙi a lokaci guda. Mutanen Maya na tsakiyar nahiyar Amurka kuwa, a wani littafinsu da yake ajiye yau a birnin Dresden na Jamus, sun raba kwana 584 ɗin zuwa 236 da 90 da 250 da 8, kuma sun zana tauraruwar a ranar fitowarta ta asuba riƙe da mashi tana sukar wanda ta tarar. A wurinsu wannan rana ta fargaba ce. Tauraruwa ɗaya, ga masu kallon ta amarya, ga masu kallon ta mayaƙi, saboda haka babu abin da ya ɗaure ki ga fassarar da kika tsinta a intanet.

Tsarin da ya iso ƙasar Hausa kuwa ta hannun Larabawa ya zo. Masana taurari na Bagadaza, irin su Abu Ma'ashar wanda ya rasu a 886, sun haɗa abin da suka gada daga Girkawa da Farisawa da Indiyawa suka tsara shi daki-daki. A wurinsu Mushtari ne babbar sa'a, Zara ƙaramar sa'a, Zuhalu babbar nahisa, Mirrihu ƙaramar nahisa. Cikin burji 12, wato rukunonin taurarin da rana take ratsawa a shekara, sun ba Zara gida biyu, Sa da Ma'auni, sun ce tana ɗaukaka a Kifi, tana faɗuwa a Zangarniya. Idan ta matsa kusa da rana har ba a ganinta sai su ce ta ƙone, kimanin kwana 40 ɗin da take yi kamar tana tafiya da baya a cikin taurari kuwa su ce ta juya, kuma duka biyun rauni ne a lissafinsu. Ranarta Juma'a, kuma yadda aka kai ga hakan abin sha'awa ne: sun jera bakwai ɗin daga mai jinkirin tafiya zuwa mai sauri, Zuhalu, Mushtari, Mirrihu, Rana, Zara, Uɗaridu, Wata, suka ba kowanne sa'a ɗaya bi da bi dare da rana, wanda ya faɗo a sa'ar farko shi ne mai ranar. Tun da sa'a 24 zagaye uku ne da ragowar uku, kowace safiya sai a matsa gaba da suna uku, daga Zara ta Juma'a a faɗa kan Zuhalu na Asabar, daga shi a faɗa kan Rana ta Lahadi.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi, wanda ya bar Katsina ya yi hajji ya zauna a Alƙahira har ya rasu a can a 1741, ya wallafa littafin Durrul Manzum a kan ɗalasimai da taurari, ya kuma yi rubutu a kan hatimin lissafi. Kalmomi irin su sa'a da nahisa da burji da hisabi sun daɗe a bakin Bahaushe, har yau ana cewa tauraruwar wane tana haskawa, ana cewa Laraba ta Bawa ranar samu, ana cewa tauraruwa mai wutsiya ganinki ba alheri ba. Shawarata ita ce ki ari ginin, wato tunanin cewa tauraro yana da gida da baƙunta, da ƙarfi da rauni, da aboki da abokin gaba, amma ki cika ɗakunan da kayanki. Ƙasar da ba ta taɓa jin labarin Bagadaza ba babu dalilin da zai sa burjinta ya zama Ma'auni ko Kifi. Idan mutanenta manoma ne da maƙera da fatake, to sama tasu ma rumbu za ta ƙunsa da uwar maƙera da mangala.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne lissafin shekara takwas. Zagaye biyar na Zara sun yi kusan daidai da shekara 8 ta rana, don haka duk bayan shekara takwas tana maimaita tafiyarta a kusan ranakun da ta yi a baya. Ga shaida daga zamaninmu: ta ratsa tsakaninmu da rana, wato lokacin gajeren ɓatanta, a 8 ga Yuni 2004, da 6 ga Yuni 2012, da 3 ga Yuni 2020, haka nan a 15 ga Agusta 2015 da 13 ga Agusta 2023. Ma'anar wannan ita ce gajeren ɓatan nata yana da mazauni biyar ne kacal a cikin shekara, kuma a wannan zamanin sun faɗo a Janairu da Maris da Yuni da Agusta da Oktoba. Ki ɗora su a kan yanayin Jos ki ga abin da ya fito: ɗaya a tsakiyar hunturu lokacin da hazo ke rufe gindin sama, ɗaya a bazara, ɗaya bayan shuka ta kama, ɗaya a marka, ɗaya a bakin kaka. Masu duban ƙasarki za su ba kowane ɓata suna da hali, su ce ɓatan kaka na yalwa ne ko na rabon gado, ɓatan bazara na gobara ne ko na ƙishirwa, yaron da aka haifa a ɓatan marka kuma a riƙa kallonsa da wani ido har ya girma.

Ɓatan marka ɗin nan ya cancanci babi guda. Wanda ya zauna a Jos ya san a watan Agusta ana iya yin kwanaki a jere gabas a rufe da gajimare da asuba. To a irin wannan shekara babu wanda zai ga ranar da Gamzaki ya fito, sai dai a dogara da ƙirgen da ke cikin kundin gidan asuba. A nan ne ikon mai duba yake na haƙiƙa, domin shi kaɗai zai iya cewa "ya fito" alhali ba a gan shi ba, kuma da wannan kalmar za a buɗe ƙofar gari ko a fita yaƙi. Idan ya ƙara kwana biyu ko ya rage kwana biyu saboda wani ya ba shi abin goro, wa zai ƙaryata shi? Akwai kuma Mushtari, wanda a wasu lokuta yakan tsaya a gabas da asuba ko a yamma da almuru da haske mai yawa, har jama'a su ɗauke shi Gamzaki ko Zara. Gwani ne kaɗai zai bambance, kuma gwanin da ya zaɓi yin shiru ya riga ya yi ƙarya.

Sannan ki sake duban ranakun da na kawo: 8, sai 6, sai 3. Lissafin bai cika cif ba, duk shekara takwas yana zamewa baya da kwana biyu da ɗan wani abu, wanda a shekara ɗari ya kai kusan wata guda. Kundin da kakan kakan mai duba ya rubuta, idan jikoki suna girmama shi har ba su iya gyara masa harafi, wata rana zai ce Gamzaki bai fito ba alhali makiyaya sun kwana uku suna ganinsa. Ki yi tunanin dattijon da ya san kundin ya kauce, ya kuma san idan ya faɗa gidansu ya rushe, idan ya yi shiru za a kai samari yaƙi a kan lissafin da ya lalace. Wannan mutum ya fi mai duban da ke babinki na biyu rai nesa ba kusa ba, domin shi wancan bai da abin da yake tsoro, bai kuma da abin da zai rasa.

Akwai hukuncin da dole ki yanke tun yanzu, ko da ba za ki faɗa wa mai karatu ba: a ƙasarki tauraruwar tana aikata wani abu da kanta, ko alama ce kawai kamar yadda hadari yake alamar ruwa, ko kuwa ba ta komai, mutane ne suke ɗora mata? A babi na ɗaya kin sa haskenta ya warkar da makauniya, a babi na uku kuma kin sa jarumarki ta ce duk zancen banza ne, labarin kuma ya goyi bayanta. Mai karatu zai yafe miki kowane irin abin al'ajabi, amma yana lura da ƙa'idar da kika kafa da hannunki. Idan kin zaɓi cewa tana aiki, ki yi mata iyaka da farashi, misali tsafin ƙulla alkawari ba ya kamawa sai tana yamma, kuma duk abin da aka ƙulla a ƙarƙashinta yana kwancewa ranar da ta ƙone sai an biya wani abu mai ciwo. Ni dai da za ki bi ra'ayina, da kin bar ƙirgen ya zama gaskiya tsantsa, fassarar kuwa ta zama ta 'yan Adam, mai cike da tsoro da kwaɗayi da kuskure da kuma, wani lokaci, kyakkyawar niyya. Ta haka masu dubanki za su kasance masana na gaske waɗanda suka cancanci a saurare su, kuma duk da haka mai karatu zai riƙa auna maganarsu.

Wannan ya kawo ni ga tambayarki ta biyu, wadda na ji daɗi da kika yi. Hukuncin duba a addini a fili yake. A hadisin Zaidu ɗan Halidu al-Juhani, wanda yake cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi sallar asuba a Hudaibiyya bayan an kwana ana ruwa, ya sanar da sahabbai cewa wanda ya ce an yi mana ruwa da falalar Allah da rahamarSa shi ne mai imani, wanda kuwa ya ce an yi mana ruwa saboda tauraro kaza ya yi imani da tauraro ne. Ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu rana ta yi husufi, mutane suka haɗa abin biyu, ya ce rana da wata ba su husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Maƙwabtanmu Kirista ma suna da irin wannan gargaɗi a Ishaya 47:13. A gefe guda kuma, Suratun Nahli aya ta 16 ta ambaci shiryuwa da taurari a tafiya, kuma malamai sun bambanta sanin tafiyar taurari don gane lokaci da alƙibla da hanya, wanda ya halatta, da jingina musu tasiri ko da'awar sanin gaibu da su, wanda aka hana. Lissafin da malaman karkara suke yi wa manoma na manzili 28, wato masaukan wata a cikin taurari, kusan kowanne kwana 13, su Haka'a da Hana'a da Zira'a, kalanda ce muddin an tsaya a kan cewa lokaci ne kawai. Duk ƙirgen da na ba ki a sama na wannan ɓangaren ne.

Ba da wasa nake ɗaukar wannan magana ba, domin na ga ɓarnar duba a cikin danginmu. An taɓa fasa auren wata 'yarmu bayan an kawo lefe, saboda wani mai buga ƙasa ya haɗa sunayen yaran da na iyayensu mata ya ce taurarinsu ba su dace ba. Yarinyar ta daɗe ba ta dawo daidai ba, kuma har yau idan na tuna yadda manya masu hankali suka zauna suka miƙa rayuwarta ga lissafin wani mutum, raina yakan ɓaci. Saboda haka ina ganin labarin da ya nuna yadda mai duba yake samun iko a kan mutane, da yadda tsoro yake sa a miƙa masa wuya, yana iya buɗe ido fiye da doguwar nasiha. Kawo mai duba a labari bai zama yarda da shi ba, kamar yadda kawo ɓarawo bai zama koyar da sata ba. Inda haɗarin yake shi ne ki kwafo hanyar hisabi ta gaske daki-daki, ko hatimi na gaske, ko kalmomin da masu wannan sana'a suke karantawa, yadda wani zai iya ɗauka ya gwada. Wannan ki guje shi gaba ɗaya, ki ƙirƙiri naki da ba ya aiki a ko'ina sai a takarda, kuma kada ki cusa ayoyi ko sunayen Allah a bakin matsafan ƙasarki. Ni malamin labarin ƙasa ne, don haka idan kin kammala ki kai wa malamin addinin da kika amince da iliminsa ya duba miki wuraren da kike shakka. Ki kuma sake karanta Suratul An'am aya ta 76, inda Annabi Ibrahim ya ga tauraro da dare ya rufe, da ya faɗi sai ya ce ba ya son masu faɗuwa. Almajirar nan mai ƙirge, idan kin ga dama, ta irin wannan hanyar tunaninta zai bi.

Game da aikin da ke gabanki, ki samu ƙaramin littafi ki yi wata uku kina fita, ko da magariba ko da asuba gwargwadon inda tauraruwar take, ki rubuta dunƙule nawa ne tsakaninta da gindin sama, da launin sama, da ranar da wata ya zo kusa da ita, da ranakun da gajimare ko hazo ya hana ki gani. Ranakun rashin ganin ma ki rubuta su, domin su ne za su koya miki zaman jiran da masu dubanki suke yi. Sannan ki zana jadawalin shekara takwas na ƙasarki a takarda ɗaya, ki sa kowane babi a gurbinsa, don kada Zara ta kasance a yamma ranar ɗaurin aure kuma Gamzaki ya fito washegari. Idan kin fi son sama ta daban, mai wata biyu ko tauraruwar da ke kai tsakar dare, babu laifi, amma ita ma sai kin yi mata nata jadawalin kin bi shi.

Babi na biyu kuwa, ki ɗauke mai duban daga tsakar dare ki mayar da shi soro da almuru, a rana ta ƙarshe da ake sa ran ganin Zara. Ki sa sarki da fadawa suna tsaye a ƙasa suna jira, ja-ja-jan faɗuwar rana yana dusashewa, shi kuma idonsa ya fara rauni saboda tsufa, ba ya so a sani. Yarinyar da ke riƙe masa buta ita ce ta hango tauraruwar ƙasa-ƙasa a bakin dutse, ta matso ta raɗa masa a kunne, shi kuma ya ɗaga murya ya shelanta wa fada cewa ya gani.